Yadda na cinye dogon hutu kafin ya cinye ni

Duk shekara idan aka rufe makaranta a ƙarshen zango na uku, sai in ce wa kaina bana zan yi abin kirki da hutun. Duk shekara kuma sai in wayi gari Satumba ta kama, ba abin da na ƙaru da shi sai tumbi. Barcin bayan Asuba, zaman majalisa da la'asar, gidan kallon ƙwallo da dare, shi ke nan makonni sun tafi. Shekara tara ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kano, haka nake yi.

Bana uwargida ce ta tsokane ni. Ina zaune ina cike sakamakon ɗalibai, ta leƙo ta ga tambayar da na yi musu a kan dajin Yankari, sai ta ce, "Malam, kai da kake ba yara sifiri a kan wannan daji, ka taɓa ganinsa kuwa?" Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai. A daren na ɗauki takarda na rubuta abu uku: zuwa Yankari, rage tumbi, da shirin jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda na shekara biyu ina ɗagawa tun da na gama difilomar koyarwa.

Motsa jiki na fara da shi, kuma da wauta na fara. Na shiga ƙwallon samarin unguwa, yaran da wasunsu na koyar. Minti goma sha biyar ban cika ba cinyata ta riƙe, suka tallabo ni suna "sannu Malam" suna ƙunshe dariya. Kwana huɗu ina ɗingishi. Da na warke sai na koma abin da ya dace da shekaruna: tafiyar ƙasa da sauri bayan sallar Asuba, rabin awa, kwana biyar a mako. Wannan ya ba ni minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawarar yi a kowane mako. Damina ce, wata rana ruwan sama ya hana, sai in rama da yamma. Ranar Asabar kuma nakan hau Dutsen Dala. Karon farko sau uku na tsaya a matakala ina haki kamar wanda kare ya koro, wasu yara 'yan makarantar allo suka wuce ni a guje. Amma daga sama ga birni nan shimfiɗe, ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyar babban masallaci, kuma na ji kunyar cewa na sha ba ɗalibai labarin Barbushe alhali rabona da hawa dutsen tun ina firamare.

Abin da ban zata ba shi ne tafiyar safen nan ce za ta ceci karatuna. Jarrabawar TRCN a kwamfuta ake yin ta, kuma ba ruwanta da ko ka iya zana taswira. Tarihin ilimi take tambaya, da halayyar mai koyo, da dabarun auna fahimtar ɗalibi, da sanin kwamfuta. Da na zauna karatu da rana sai gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai na koma karanta abubuwan da murya ina naɗa a waya, da safe in sa a kunne ina tafe. A haka na haddace cewa an fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a 1976, shekarar da aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna. An kafa ita TRCN a 1993. An ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato a 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Har yanzu idan na zo wata kwana a unguwarmu, shekarar 1993 ce ke faɗo mini a rai, domin a nan muryata ke kaiwa wannan gaɓa.

Kwamfutar ita ce ta fi ba ni wuya. Ina da waya, ina shiga Facebook, sai na ɗauka na iya. Ashe riƙe linzamin kwamfuta agogo na ƙirga maka lokaci wani abu ne daban. Na biya wani shagon intanet kuɗin awa ɗaya sau biyu a mako, wani matashi da bai kai ƙanena ba yana tsaye a kaina yana cewa, "Yallaɓai, sau ɗaya ake dannawa." Duk lokacin da ya faɗa sai in tuna yadda nake daka wa ɗalibi tsawa idan ya kasa gane ma'aunin taswira a bayani na biyu. Ni sai da aka maimaita mini sau biyar, kuma ba wanda ya ɗaga mini murya.

Yankari kuwa sai a mako na huɗu, bayan na kwashi adashi. Mu uku muka tafi, ni da abokan aiki biyu, muka raba kuɗin mai. Mun bi ta Wudil da Birnin Kudu, muka gangara Ningi inda duwatsu suka fara tasowa, muka kwana a Bauchi. Da safe muka kama hanyar Gombe, muka karya kwana a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki ma tafiya ce ta kusan kilomita 40 a cikin daji, kuma a nan na fara gane girman abin da nake zanawa a allo da ɗan da'ira kamar ƙwai.

A nan ne kuma kuskurena ya fito, kuskuren da bai kamata malamin labarin ƙasa ya yi ba. Mun je ganin giwa a tsakiyar damina. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, don haka dabbobi ba su da dalilin taruwa a bakin kogin Gaji kamar yadda suke yi da rani. Jagoranmu ya nuna mana sawun giwa da kashinta, ya ce, "Malam, da kun bari sai bazara." Mun dai ga gwambaza guda biyu da tsuntsaye iri-iri. Gwaggon biri da mugun dawa kuwa ba sai an nema ba, a tsakar masauki suke yawo. Wani ƙaton biri ya fizge ledar burodi daga hannun abokina yana cikin waya, ya hau bishiya ya ci a gabanmu.

Ruwan Wikki shi ya biya mu. Daga ƙarƙashin wani gagarumin dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana. Na daɗe ina rubuta wa ɗalibai yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ratsa dutse mai ƙofofi ya fito a matsayin marmaro. Ranar na zauna a cikinsa har yatsuna suka yamushe. Na kuma lura na hau matakalar komawa masauki ban tsaya ko sau ɗaya ba, abokaina biyu na baya suna nishi.

Da za a mayar da ni farkon hutun, da tafiyar zan ɗage zuwa hutun zango na biyu, in kuma fara zuwa shagon kwamfuta tun makon farko maimakon na uku. Tumbi bai tafi duka ba, amma bel ya koma huda ɗaya baya. Na cike fom ɗin jarrabawa, ina jiran rana.

Ranar da aka koma makaranta na haɗa wayata da wata tsohuwar talabijin ta ofishin malamai, na nuna wa 'yan aji biyu hotunan. Wata yarinya a layin baya, wadda tun bara ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in dabbobin suna watsewa da damina, ina giwayen suke zuwa?" Darasin ranar ya kamata ya zama kan nau'o'in duwatsu. Har aka kaɗa ƙararrawa muna kan giwaye da gonakin ƙauyukan da ke gefen dajin.