Godiya bayan saukowa daga tsaunukan Shere

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, daren jiya na iso Zariya lafiya bayan mako biyu a cibiyar horon shugabanci da ke tsaunukan Shere, gabas da Jos, wadda kowa ya fi sani da Man O' War. Cinyoyina har yanzu ba nawa ba ne, zaman tahiya ma sai da dabara. Amma akwai mutanen da ba zan iya jira in warke kafin in gode musu ba.

Kawu, da kai zan fara. Ranar da na kawo maganar a gida, Baba dariya ya yi, ya ce, "Kuɗi za a biya don a je a hau dutse? Ga Kufena nan kyauta." Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma jikina ya yi sanyi. Kai ne ka ce a bar yaro ya je, ka biya kuɗin ba tare da ka tambaye ni abin da zan samo ba, har ka haɗa mini da tsohuwar rigar sanyinka. Na raina rigar nan a Zariya. A Jos, da asuba, lokacin da aka busa usur aka fito da mu gudu cikin hunturu haƙora na kaɗawa, na nemi gafararta. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Umma, dambun naman da kika cusa mini a jaka ina cewa ya yi yawa, mu takwas muka ci shi a daren da muka kwana a daji. Wani abokin tafiyarmu ɗan Enugu ya ce lallai in isar miki da gaisuwa, ga shi na isar.

Sai malamanmu. Ɗaya daga cikinsu ne ya ba mu tarihin abin wata rana da yamma, muna zaune muna duba kantar da igiya ta yi mana a hannu. Irin wannan horo ya samo asali ne a Wales ta Birtaniya a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, inda wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn da wani mai kamfanin jiragen ruwa suka buɗe makarantar Outward Bound. Abin da ya dame su shi ne, idan aka nutsar da jirgi, samari majiya ƙarfi kan riga dattawa karaya a cikin kwalekwalen ceto. Ba ƙarfi samarin suka rasa ba, sanin wahala suka rasa. A 1951 Alec Dickson ya kafa irinta a gaɓar Man O' War Bay, kusa da garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, kuma daga nan sunan ya biyo mu har Filato. Waɗanda suka yi bautar ƙasa sun ɗanɗana kaɗan a sansani, amma ɗanɗano ne kawai.

Godiyata mafi nauyi ga 'yan rukuninmu take. Akwai wata katanga mai tsayin kusan mutum biyu, ba tsani ba igiya, aka ce dukkanmu mu tsallake, kada a bar kowa a ƙasa. Ni da na je da taƙamar na shugabanci ƙungiyar ɗalibai, na dinga ba da umarni da ƙarfi, muka yi ta faɗowa kamar buhunan masara. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Pankshin, wadda tun zuwanmu ban ji ta yi magana sau uku ba, ita ta ce a fara tura masu nauyi sama tun akwai kafaɗun da za su ɗaga su, a bar mara nauyi mai tsalle a ƙarshe. Nan take muka haye. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba. Yaya, idan wannan saƙo ya iso gare ki, na gode da ba ki ce mini komai ba bayan nan.

Haka ranar saukowa daga kan dutse da igiya, mutum ya juya wa rami baya. Na tsaya a baki ina ta Hasbunallahu, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ba wanda ya yi mini dariya, ko kuwa sun yi ban ji ba.

Masu aiko mini da saƙo suna tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ga amsata. Idan takardar shaida kake so don neman aiki, riƙe kuɗinka, ka sayi keken ɗinki ko ka koyi gyaran waya, ya fi maka. Idan kana da asma ko hawan jini, fara ganin likita. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa mako biyu na sauya hali, domin na ga wanda ya zo da lalaci ya koma da kayansa, sai dai ya ƙara da hotuna. Ni dai, da za a ce in biya daga aljihuna in koma, zan biya. Na koyi karanta taswira da kamfas, na koyi ɗaurin igiya da taimakon gaggawa, na kuma gano cewa idan na ji yunwa da gajiya ba ni da daɗin zama, abin da 'yan gidanmu suka daɗe da sani ba su faɗa mini ba. Mai niyya ya fara tafiyar ƙafa tun wata guda kafin ya je, kuma kada ya tafi da sabon takalmi kamar yadda na yi, dugadugaina sun ba da shaida.

Baba, na gode da addu'ar da ka yi mini a ƙofar gida duk da ba ka yarda da tafiyar ba. Auta ya ce shi ma baɗi zai je, na ce ya fara da Kufena.

Kawu, rigarka tana wurin mai wanki. Zan kawo ta ranar Juma'a bayan masallaci, in sha Allahu.