Koyon Karanta Takardar ECG ta Doki da Dabbobin Kiwo

Yawancin littattafan da muka koyi karatun ECG, wato zanen da na'ura take yi na wutar lantarkin bugun zuciya, da su a makarantar likitancin dabbobi sun gina bayaninsu ne a kan kare, alhali a nan karkarar Gumel da Maigatari abin da ake kawo mana shi ne doki da sa da ragon layya. Na'urar dai asalinta ɗaya ne tun da Willem Einthoven na ƙasar Holan ya inganta ta a farkon ƙarni na 20, har ya samu kyautar Nobel a 1924, kuma harufan da ya sa wa zanen, wato P (alamar motsin ɗakunan zuciya na sama) da QRS (ta motsin ɗakunan ƙasa) da T (ta komawar ɗakunan ƙasa hutu), su ne ake amfani da su har yau.

Bambancin yana cikin zuciyar kanta. A doki da shanu da tumaki, zaruruwan Purkinje, masu kai saƙon lantarki a cikin zuciya, suna kutsawa can cikin naman ɗakunan zuciya na ƙasa, saboda haka tsayin QRS ba ya nuna girman zuciya kamar yadda yake yi a kare. Abin da muke nema a wurinsu shi ne tsarin bugun, kuma akan liƙa waya ɗaya a gefen wuya, ɗaya a ƙirji bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, bayan an jiƙa fatar da sifirit. Idan takarda tana tafiyar milimita 25 a daƙiƙa, sai a ƙirga QRS a tsawon santimita 15 a ninka sau goma, a sami yawan bugun zuciya a minti.

Wurin da mai koyo ya fi ruɗewa, a ganina, shi ne lafiyayyen doki da yake hutawa, wanda zuciyarsa take bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. Sau da yawa P zai fito ba tare da QRS ya biyo baya ba, wanda a kare abin damuwa ne, amma a doki idan aka ɗan sukwane shi aka sake aunawa sai tsallaken ya ɓace. Wanda yake buƙatar kulawa shi ne dokin da P ya ɓace masa gaba ɗaya, tazarar bugun kuma ta rikice, musamman idan mai shi ya ce yana saurin gajiya a hawan sallah.

A ragon da aka ɗura wa dusa har fitsarinsa ya toshe, ko maraƙin da gudawa ta galabaitar, sinadarin fotashiyam yakan hauhawa a jini, sai T ya yi tsini, P kuma ya dusashe.