Ɗumin 'yan tsaki a daren hunturu

A watan Janairun da na fara kiwon kaji a bayan gidanmu, na karɓi kwalin 'yan tsaki 50 da aka ɗauko daga Ibadan, inda yawancin manyan wuraren ƙyanƙyasa na ƙasar nan suke, bayan sun kwana a mota suna tafiya. Na zuba su a ɗakin da na share da safiyar ranar, na hura gawayi a kasko, na kwanta da tunanin cewa na gama aikina. Da na leƙa bayan sallar asuba, garwashin ya zama toka, 'yan tsakin kuma sun cure a kusurwa guda, wasu a kan wasu. Da na ɗaga na sama, sai na tarar da guda bakwai a ƙasa sun mutu. Sanyi ne ya kore su zuwa kusurwar, amma danniyar 'yan uwansu ce ta kashe su.

Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai bayan kwana 21 ba tare da ikon riƙe zafin jikinsa ba, kuma ba ya samun wannan iko sosai sai ya yi kusan mako biyu, gashinsa kuwa ba ya cika sai wajen mako biyar zuwa shida. Uwar kaza, wadda zafin jikinta ya kai kimanin digiri 41, ita ce take cike wannan giɓi idan ta shimfiɗa fukafukanta. Wanda ya sayi 'yan tsaki a kwali ya ɗauki aikin uwar ne a kansa. A makon farko suna bukatar digiri 32 zuwa 35 a daidai tsayin bayansu, daga nan a riƙa rage kimanin digiri uku kowane mako. A Kano kuwa, daren hunturu yakan sauko ƙasa da digiri 15, kuma sanyin ya fi tsanani tsakanin ƙarfe uku da fitowar rana, lokacin da mai kiwo yake barci, gawayin da aka hura bayan isha'i kuma ya riga ya cinye.

Kuskurena na farko shi ne rashin ɗumama ɗakin tun kafin su iso. Daɓen siminti yana riƙe sanyi, kuma ta ƙafa ɗan tsako yake fara jin sa, saboda haka yanzu nakan shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kauri kamar faɗin yatsu huɗu, in kunna wuta kwana guda kafin zuwansu. Idan ina shakka, sai in ɗauki ɗan tsako ɗaya in ɗora tafin ƙafarsa a kuncina. In na ji sanyi, to ƙasan bai yi ɗumi ba, ko me ma'aunin zafi ya nuna. Kuskure na biyu shi ne barin kusurwa. Da kwali ko falle na silin ake yin da'ira a kewaye su, domin idan babu lungu, babu inda za su taru su danne juna.

Game da abin ɗumamawa, ƙwan lantarki ya fi tsabta, amma ban yarda a dogara da shi kaɗai ba a inda ake ɗauke wuta ba tare da sanarwa ba. Gawayi ya fi amana, da sharaɗin a hura shi a waje har hayaƙinsa ya ƙare ya zama jan garwashi, sannan a shigo da shi cikin tukunyar ƙasa da aka ɗora a kan bulo, a kewaye ta da raga. Abin da nake roƙon kowa a nan shi ne kada tsoron sanyi ya sa ya toshe kowace kafa da leda. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe 'yan tsaki, tana kuma iya kayar da mutumin da ya shiga duba su. A rufe tagogi daga ƙasa domin tare iskar hunturu, a bar sarari daga sama.

Duk da haka, babu ma'aunin da ya kai zaman 'yan tsakin da kansu. Idan sun taru a gindin tukunya suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. Idan sun gudu gefen da'ira, sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. Idan duk sun koma ɓangare guda, akwai kafar da iska take shigowa, sai a nemo ta. Idan kuwa sun bazu ko'ina, wasu suna ci, wasu suna shan ruwa, wasu sun miƙe wuya a kan ɓuntu suna barci, sai a bar wutar yadda take.

A kwanaki goma na farko nakan tashi ƙarfe biyu da rabi na dare in ƙara garwashi, in taɓa ruwan shansu in tabbatar bai yi sanyi ƙarara ba, in tsaya a bakin ƙofa minti biyu ina sauraron kukansu kafin in koma ɗaki.