Ranar da Teku Ya Janye a Jambiani

Talata da dare, ƙauyen Jambiani, tsibirin Unguja, Zanzibar, ƙasar Tanzaniya.

Yau kwananmu uku a tsibirin nan, kuma ita ce rana ta farko da muka wuni cur a bakin ruwa. Yara sun yi barci, maigida yana baranda yana lazimi, ni kuwa na ga gara in rubuta abin da ya faru tun bai dusashe a zuciyata ba, domin har yanzu idan na tuna ihun da 'yata ta yi da hantsi sai in ji gabana ya faɗi.

Kiran sallar asuba ne ya tashe mu daga masallacin ƙauyen, wanda ba shi da nisa da masaukinmu. Na shimfiɗa dardumata ina fuskantar teku, wajen da rana ke fitowa, kamar yadda na saba tun ina yarinya, sai maigida ya tuna mini cewa alƙiblar nan arewa take, domin Makka tana kusan saitin Zanzibar ta arewa. A wurinmu mutanen Kano, cewa mutum yana fuskantar gabas daidai yake da cewa yana sallah, saboda haka na daɗe a kan darduma ina jinjina yadda tafiya ke gyara wa mutum abin da yake zaton ya gama sani. Lissafin lokacinsu ma daban ne. Agogon ƙasar yana gaba da na Najeriya da awa 2, sannan a harshen Swahili daga wayewar gari ake fara ƙidaya, har ƙarfe 7 na safe ta zama sa'a ta ɗaya.

Bayan mun karya da shayi mai citta da kanumfari da wani soyayyen fulawa mai kama da fanke da suke kira mandazi, sai ɗan farina, mai shekara 7, ya ruga bakin ruwa ya dawo a guje yana cewa, "Umma, tekun ya tafi!" Na fita na duba, na tarar gaskiyarsa ce. Ruwan da jiya da yamma yake dukan katangar masaukin ya janye ya yi nisa fiye da kilomita guda, ya bar farin yashi da ƙananan kududdufai suna ƙyalli, ƙananan kwale-kwalen masunta kuma suna zaune a kan yashi kamar an ajiye su. Can da nisa ake hango farin kumfa, inda igiyar Tekun Indiya ke karyewa a kan duwatsun murjani da suka yi wa gaɓar shinge.

Dattijon da ke kula da masaukin ya yi mana bayani da Turanci haɗe da 'yar Larabci. Sau biyu a kowace rana ruwan ke cika ya janye, kuma wata ne ke jansa, shi ya sa janyewar ta fi tsanani a lokacin tsayuwar sabon wata da kuma tsakiyarsa. Yau 14 ga wata. Wannan watan da muke fita dubansa don azumi da sallah, shi ne a nan yake tsara wa masunci lokacin fita, yake tsara wa mace lokacin zuwa gonarta. Dattijon ya ja mana kunne a kan abu biyu: kada yaro ya taka ƙasa ba takalmi, kuma da zarar mun ga matan ƙauye sun fara haramar komawa, mu bi bayansu ba tare da jinkiri ba.

Muka shiga, na goya auta mai shekara 2 da zani, maigida yana riƙe da hannun sauran biyun. Ban taɓa ganin yaran nan cikin murna irin ta yau ba. Kowane kududdufi da abin kallonsa: ƙananan kifaye masu zane, ƙaguwa da ke gudu a karkace ta shige rami, da wata halitta ja mai siffar tauraro wadda 'yata ta tsuguna ta ƙirga hannayenta biyar ba ta taɓa ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa matan da muka tarar ne a tsakiyar filin. Suna zaune cikin ruwa iya ƙugu, da zannuwansu masu rubutu da suke kira kanga, kawunansu a rufe, suna ɗaura wata ciyawar teku a jikin igiyoyi da aka ja tsakanin turaku, layi-layi kamar kunyoyin gona. Sunan ciyawar mwani. Tun wajen 1989 aka fara nomanta don sayarwa a wannan gaɓar, da iri da aka kawo daga ƙasar Filifin, kuma mafi yawan manomanta mata ne. Ana barinta kamar mako 6 ta girma, a cire, a shanya a rana, 'yan kasuwa su saya su fitar waje, inda ake tace wani sinadari mai kauri da ake sa wa man goge haƙori da wasu kayan abinci. Na gaishe da wata dattijuwa da sallama, ta amsa cikakkiyar amsa, ta miƙa hannu ta shafa kan auta. Da hannu da 'yan kalmomi ta nuna mini wata igiya da ciyawarta ta yi fari ta ruɓe, ta nuna rana, ta taɓa ruwan. Na fahimci ɗumin ruwa take nufi, kuma dattijon masauki ya tabbatar mini daga baya cewa irin da ya fi kuɗi ba ya jure zafin da ruwan ke ƙarawa. Na dubi hannayenta da gishiri ya cinye, sai na tuna matan ƙauyenmu masu surfe da sussuka, waɗanda wahalarsu ke da yawa ribarsu kaɗan. A ganina duk wanda ya zo nan hutu ya wajaba ya tsaya ya gaishe da matan nan, ya sayi sabulun da suke yi da ciyawar, kada ya ɗauke su hoto kawai ya wuce.

Ina cikin wannan ne na ji ihun. 'Yata mai shekara 5 ta cire takalminta ɗaya don ta zubar da yashin da ya shiga, ta dafa ƙafa a gefen dutse, ta taka wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya. Ƙayoyi huɗu suka karye a dunduniyarta. Laifina ne, domin ni ce a kusa da ita, hankalina kuma yana kan hira. Maigida ya ɗauke ta a kafaɗa, tana kuka tana cewa, "Abba, zafi!" Dattijuwar ta taso ta duba ƙafar, ta yi ta maimaita "pole, pole", wato sannu, sannan ta nuna mana gaɓa da hannu. Sai a lokacin na lura cewa ruwan da ɗazu yake iya idon sawu ya kusa kai wa ɗan farina gwiwa, kuma matan duk sun fara ɗora buhunansu a ka. Ba da ƙara yake dawowa ba, a hankali yake malalowa ta ƙananan hanyoyi, ya cika bayanka tun kana kallon gabanka. Wanda ya tashi a inda ruwa sai kogi da tafki ba zai gane haɗarin ba sai an nuna masa. Muka bi sahun matan, ina ta addu'a a zuci, har muka taka busasshen yashi.

A masauki aka jiƙa ƙafar cikin ruwa mai ɗumi sosai na kusan rabin awa, dattijon ya tsinko ɗanyar gwanda ya tsaga, ya shafa farin ruwanta a wurin, kamar yadda mutanen gaɓar suka saba yi. Duk da haka mun kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa, aka cire ƙaya biyu da suka fito fili, aka wanke, aka ce sauran biyun kuma jiki zai narkar da su, mu dai lura ko wurin zai kumbura ko ta yi zazzaɓi. Alhamdu lillahi, kafin azahar ta daina kuka, har ta ci shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa da gasasshen kifi.

Da la'asar ruwan ya cika ya dawo har gindin katanga, launinsa shuɗi mai haske, iska mai sanyi tana kaɗawa daga kudu. Maigida ya shiga da ɗan fari iya ƙirji, yana riƙe da shi da hannu biyu. Ni na zauna a inuwar kwakwa da hijabina, babu mai yi mini kallon baƙuwa, domin kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne. 'Yata tana kan cinyata, ƙafarta a naɗe, auta yana cika kofi da yashi yana zubarwa. Wasu yaran ƙauye da suka taso daga makarantar allo suka wuce suna gaishe ni da "shikamoo", na amsa da "marahaba" kamar yadda aka koya mini, kalmar da ta yi mini kama da marabarmu. Ɗaya daga cikinsu ta dawo ta ajiye wa 'yata ƙwaryar kwakwa cike da ƙananan bawon katantanwa, ta ruga ba ta jira godiya ba.

Yanzu na duba dunduniyar da fitilar waya, babu kumburi, jikinta kuma babu zafi. Ƙwaryar tana gefen matashinta, ta ƙi yarda a ɗauke. Idan Allah ya kai mu gobe za mu shiga tsohon birnin Zanzibar, in sayi kanumfari na tsaraba, amma sai na ga yadda ta taka ƙafar da safe tukuna. Ta taga ina hango farin wata a kan yashi, ruwan ya sake janyewa.