Allurar da ta sa mahaifiyata ta iya shan kunu

Kusan shekara biyu mahaifiyata ta yi tana fama da wani ciwo a kuncinta na dama, wanda take cewa ji take yi kamar an jona mata wayar lantarki a fuska. Ba ya wuce 'yan daƙiƙu, amma yakan dawo sau da dama a wuni, kuma abin da ke tayar da shi bai taka kara ya karya ba: ruwan alwala, asuwaki, tauna, ko iskar hunturu idan ta bugi fuskarta. Mun ɗauka ciwon haƙori ne, har aka cire mata haƙora biyu masu lafiya, ciwon kuwa yana nan daram. Har yau wannan kuskuren yana ci mini rai.

Daga baya wani likitan jijiyoyi ya bayyana mana cewa matsalar tana cikin babbar jijiyar fuska da ake kira tirajeminal, wadda ta rabu gida uku: reshe ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci da leɓen sama, ɗaya kuma muƙamuƙin ƙasa. Galibi jijiyar jini ce ke danne tushenta kusa da ƙwaƙwalwa, kuma ciwon ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 50. Ya ɗora ta a kan kabamazefin, maganin farfaɗiya da ake bayarwa ga masu wannan ciwo tun shekarun 1960, sai dai a hankali ake ƙara adadinsa, ita kuwa a lokacin ta kwana uku ko kunu ba ta iya kaiwa baki.

A nan ne aka yi mata allurar kashe zafi. Ina tsaye likitan ya lalubo wani ɗan rami a ƙashin da ke ƙasan idonta, inda reshen jijiyar yake fitowa, ya goge wurin, ya soka siririyar allura, ya ɗan ja baya don ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba, sannan ya tura lidokayin, irin wanda likitocin haƙori ke amfani da shi, haɗe da bufibakayin da ya fi shi daɗewa a jiki. Cikin 'yan mintuna kuncin ya mutu murus. Ta taɓa leɓenta da tsoro, ta sake taɓawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, miƙo mini kunun."

Allurar ba ta warkar da ciwon, kuma likitan bai ɓoye mana ba. Ƙarfinta kan gushe cikin sa'o'i, ko da yake wasu kan samu sauƙin kwanaki ko makonni. Inna ta samu kusan mako biyu, wanda ya isa ƙwayar ta kama jikinta. Kuma ba aikin kemis ba ne, domin idan maganin ya shiga jini da yawa yana iya taɓa zuciya ko ya jawo jijjiga. Yanzu da ruwan ɗumi take alwala, kuma idan hunturu ya shigo takan rufe kuncin da mayafi kafin ta fita tsakar gida.