Fiyano, Kalangu da Kwamfuta: Aikin Situdiyo a Gusau

Situdiyona ɗaki biyu ne a Tudun Wada, Gusau. Ɗaya na mawaƙi ne da makirufo, ɗayan kuma nawa ne: kwamfuta, fiyano ƙirar Yamaha, da lasifika biyu. Yara biyu nake da su masu koyon aiki. Abin da ke ciyar da mu waƙoƙin biki ne, da na masu bege, da na ɗaliban Islamiyya lokacin saukar karatu, sai tallar shaguna don gidan rediyo. In kakar siyasa ta kama kuwa, barci ma sai an yi dabara.

Duk yaron da ya zo koyo, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio yake so a buɗe masa tun ranar farko. Ni kuwa gaban fiyano nake zaunar da shi. Daga sauti ɗaya zuwa ɗan'uwansa na sama, maɓallai 12 ne, farare 7, baƙaƙe 5. Sai in ce ya bar fararen, ya yi ta wasa da baƙaƙen. Ba a jimawa zai ɗago kai ya ce, "Maigida, ai wannan kamar kiɗan gida ne." Haka ne kuwa, don yawancin waƙoƙinmu na gargajiya kan sauti biyar suke tafiya. Wanda ya gane wannan ya huta da cusa wa waƙar Hausa sautukan da ba ta nema ba.

Amma babban abin da nake faɗa da yara a kansa shi ne karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka a cikin kalmominta, kuma mawaƙin kirki ba ya saɓa musu. Ka saurari Musa Ɗanƙwairo Maradun ko Sa'idu Faru da kyau: kafin kotso ya shigo, maganar kanta ta riga ta zana hanyar da murya za ta bi, 'yan amshi kuma su karɓa su mayar da ita gindin waƙa. Yanzu fa an juya abin. Yaro zai sauko da kiɗan da aka haɗa a Legas ko Indiya, sannan ya zo yana danna baitinsa a ciki da ƙarfi, inda ya kamata kalma ta sauka sai ta hau. Mai sauraro ba zai iya gaya maka laifin ba, zai dai ce waƙar ba ta shige shi ba. Shi ya sa a wurina mawaƙi zai fara rera waƙarsa da baki zalla, in ɗauka, in nemo inda muryarsa ta zauna a fiyano, sannan in gina kiɗa a ƙarƙashinta. Ya fi cin lokaci, wasu har su yi fushi su tafi inda za a gama musu a awa ɗaya. Allah ya raka taki gona.

Kalangu wata rigima ce mai daɗi. Fiyano an ɗaure shi: sautin da ake daidaita sauran da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. Shi kuwa kalangu, makaɗi yana matse tsarkiya da hammata, sauti ya zame daga ƙasa zuwa sama ta wuraren da fiyano ba shi da maɓalli. Kalangun da ke cikin kwamfuta ba ya wannan, don haka in aiki na da tsoka, makaɗi nake kira. Akwai wani dattijo da nake ɗaukowa, in ce, "Baba, a bi wannan ƙarar ƙidayar kiɗa da ke kunnenka," ya cire abin kunnen ya ce, "Yaro, ita ta bi ni." Kuma gaskiyarsa, domin yawancin kiɗansa uku-uku yake juyawa, alhali manhajar da hurhuɗu take buɗewa. Ko fatar ma tana da lokacinta: da hunturu ta bushe ta yi tsini, da damina ta saki.

Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ita ce ke gyara muryar da ta kauce. Ban ƙi ta ba. Sai dai in aka murɗa ta har ƙarshe, tana goge ɗan lanƙwasar nan da mawaƙi ke yi a ƙarshen baiti, kowa ya koma murya ɗaya. Kuma in ba ka gaya mata sautukan da waƙar ke kai ba, za ta ja murya zuwa inda bai dace ba.

Wuta kuwa, kowa ya san halinta. Ƙarar janareta tana shiga makirufo, sai da na koma sola. Fanka ma kashe ta ake yi lokacin ɗauka, ko da a watan Afrilu ne.

Wurin tace sauti, ina tuna wa kaina inda waƙar za ta ƙare: a ƙaramar waya, ko lasifikar mai shayi, ko ta ɗan Keke Napep. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka in ka zuba ƙarfinka can, ka yi aikin banza. Murya nake turowa gaba. Kafin in miƙa aiki, sai na tura shi cikin tsohuwar wayata na fita bakin titi na saurara. In ban ji kowace kalma ba, in koma ciki.

Kuɗi rabi ake ba ni kafin a fara, rabi ranar karɓa, kuma ba na tura waƙa ta WhatsApp sai an cika. Masu bege da ɗalibai ina yi musu ragi. 'Yan siyasa kuwa duka suke biya tun kafin in kunna kwamfuta.