Kalma ɗaya ta cinye min wata biyu

Har yau idan na hango kwalin nan a ƙarƙashin gado sai raina ya ɓaci. Takardun tambayoyi ne guda 150 da na raba wa matasan unguwarmu don aikin kammala digirina a kan gundura da alaƙarta da ciwon damuwa. Babu ko ɗaya da ta yi min rana.

Ma'aunin da Richard Farmer da Norman Sundberg suka fitar a 1986 na ɗauko, mai jimloli 28, mutum ya ce haka ne ko ba haka ba ne. Su sun gano cewa masu saurin gundura sun fi fama da damuwa da kaɗaici da yanke ƙauna. Cikin dare biyu na mayar da shi Hausa, na ƙara wasu tambayoyin nawa. Duk inda ake nufin gundura sai na rubuta "gajiya", don a kunnena ina jin yadda muke cewa "na gaji da zaman nan". Ban karanta wa kowa ba, na wuce wurin bugawa.

Da na haɗa lissafi sai ya fito a juye. 'Yan dako da masu tuƙa Keke su ne a sama. Samarin da ke wuni a majalisa, waɗanda dominsu na zaɓi batun, su ne can ƙasa. Kwana uku ina zargin kwamfuta. Wani dattijo mai shayi ne ya warware min, da na karanta masa tambaya ɗaya. Ya ce, "Ɗana, wanda bai ɗaga komai ba tun safe, me zai gajiyar da shi?"

Abin da ya fi ci min rai, na san bambancin tun kafin nan. Na karanta yadda John Eastwood na Jami'ar York a Kanada ya bayyana gundura a 2012: mutum yana son wani abu ya ɗauke masa hankali, amma ya kasa samu. Mai gajiya kwanciya yake nema. Wanda zama ya gundura kuwa neman abin yi yake, ko da mai cutarwa ne. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya zaunar da mutane su kaɗai na minti 15, ba waya ba littafi, sai maɓallin da ke sa lantarki ya ja mutum. Maza 12 cikin 18 sun danna da hannunsu, mata 6 cikin 24. Wannan halin nake son aunawa, sai na ɓuge da auna ciwon baya.

Malamin da ke duba aikina bai yi faɗa ba, cewa ya yi in sake daga farko. Wannan karon na sa "gundura" da "zama ya ishe ni". Na zaunar da mutum biyar, ina karantawa suna faɗa min abin da suka fahimta da bakinsu. Sannan na ba wata abokiyar karatu, wadda ba ta taɓa ganin na asali ba, ta mayar da shi Turanci muka gwama. Yini ɗaya kacal! Shi na ƙi bayarwa tun farko, na biya da wata biyu da kuɗin bugawa sau biyu.

A zagaye na biyu wani saurayi a majalisar ya riƙe takardar ya daɗe bai rubuta komai ba. Can ya ce min tsakanin azahar da la'asar ne ya fi masa tsawo, kuma a lokacin ne ya fara bin abokai bayan makaranta su sha abin da zai sa yinin ya wuce.